Ƙarfen da Baba Ya Kafa a Tsohuwar Rijiya

Nafi'u, ɗauke yatsanka daga maɓallin nan.

Na ce ɗauke. Tun da aka idar da isha'i nake jin ka, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Kwamfutar da ka haɗa da hannunka ta ƙi kawowa, na ji, gidan nan kaf an ji. Zare filogin, ka zo ka zauna. Zulai, matsa masa a tabarma, ki rage fitilar nan. Yau zan gaya muku abin da ya sami hannun Babana, Baffanku Sabitu.

Kun dai san hannun. Na dama, wanda kullum yake cikin aljihu. An ce muku wutar lantarki ce ta ja shi. Ba a yi muku ƙarya ba, rabin labarin aka ba ku.

Lokacin ina da shekara huɗu. Muna Funtuwa, a tsohon gidanmu na bayan tasha, mai shago a jikin zaure. Baba gyaran rediyo da talabijin yake yi, kuma ya iya. Allah ya ba shi hannu, ya haɗa masa da taurin kai. Irin naka, Nafi'u, daina harara ta. Ya je Kaduna ya yi wata shida yana koyon kwamfuta. Da ya dawo ya ce shi ba zai sayi haɗaɗɗiya ba, da kansa zai haɗa tasa, ya buɗe wurin buga takardu. Ya sayo kayan ɗaya-ɗaya a kwalayensu. Kwana biyu yana ɗaurawa, ko ƙuda bai yarda ya sauka a kai ba.

Soket ɗin shagon yana ɗan jan mutum. Baba ya ce ba zai jona sabon abu a wutar da ke cizo ba. Masu wayarin suna da dabararsu: a kafa sandar ƙarfe a ƙasa mai laima, a zuba gawayi da gishiri, a ɗaura mata waya, duk rarar wuta sai ta bi ta nan ƙasa ta shanye. Bayan shagon tsandauri ne, in ban da wuri ɗaya, inda aka cike wata tsohuwar rijiya tun kafin a haifi Baba. Ko a tsakiyar bazara wurin a jiƙe yake. Akuya ba ta kwanciya a nan, kaji ma kewayewa suke yi. Shi Baba laima ya gani, ya ji daɗi.

Ranar Alhamis, dab da magariba, ya kafa ƙarfen. Yana sauri. Gishirin ya ƙi narkewa a ruwan sanyi, sai ya shiga cikin gida ya sauke ruwan tuwon Inna yana tafasa, ya juye gishirin a ciki, ya kama hanyar waje.

Inna ta ce, "Malam, a sirka mana."

Ya ce, "Da zafinsa ya fi shiga ƙasa."

"To a yi bisimilla. A ce gafara."

Ya ce ya ji. Da bakinsa ya gaya mini bai yi ba. Ba raini ba ne, hankalinsa ne ya riga shi komawa shago. Ya sheƙa ruwan a gindin ƙarfen. Ƙasa ta yi cuu, tururi ya tashi. Ya ji wani ɗan sauti siriri, kamar na jinjirin kyanwa, ya ɗauka ƙasar ce take sha.

Ya koma shago. Ya jona. Ya gyara zama. Ya danna.

Shiru. Fanka ba ta motsa ba. 'Yar fitilar gaban akwatin ba ta ko ƙifta ba.

A daidai lokacin nan ina tsakar gida ina wasa da murfin kwano. Na ƙwalla ƙara, na faɗi.

Kafin a yi isha'i jikina ya yi zafin da Inna ba ta iya barin hannunta a goshina. Aka sayo magani a kemis, aka ba ni, na kwana ina numfashi sama-sama. Baba ya ce in Allah ya kai mu gobe, in ban ji sauƙi ba, asibiti za mu tafi. Gari ya waye ranar Juma'a, ya leƙa shago don ya gwada sau ɗaya tak kafin mu fita. Kun san irin sau ɗayan nan.

Ya sa testa, 'yar abar gwada wuta, a soket, fitilarta ta kama. Wuta na nan ke nan. Ya sauya wayar, ya danna. Ya duba fis, lafiyarsa lau, ya danna. Ya buɗe akwatin ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana turawa har su zauna daram, ya danna. Ya zare ram, 'yar ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge da hankici ya mayar, ya danna. Ya ce ko wani noti ne ya faɗa ƙarƙashin allon da ake ɗaura kayan a kai yana taɓa ƙarfe. Ya kwance allon gaba ɗaya ya ɗora a kan kwali. Ya ce ko maɓallin ne ya zo a mace, sai ya ɗauki sukudireba ya haɗa 'yan ƙusoshin nan biyu da wayar maɓallin ke shiga da kansa. Duk ka yi waɗannan ɗazu, Nafi'u, ina kallon ka ta taga.

Duk dannawa ɗaya, ƙara ɗaya daga cikin gida. Bango ne kawai tsakaninmu. Yana ji, amma bai haɗa ba. Wa zai haɗa?

Ya kwance ɗan akwatin da ke rarraba wuta, ya tsallaka titi da shi zuwa shagon Malam Iliya mai fotokwafi. Suka jona, fankarsa ta kama juyi garau. Ya dawo da shi shagonsa, ya jona, shiru. Malam Iliya ya ara masa nasa, wanda yanzun nan yake aiki, shi ma yana shiga shagon ya mutu. Kowane abu da ransa a waje, da an shigo da shi sai ya zama gawa.

Wajen hantsi Inna ta zo bakin zaure, idonta jajur.

Ta ce, "Malam, kukan nan zuwa yake yana ɗaukewa. Ba irin na zazzaɓi ba ne."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Yanzu za ta tashi."

Inna ta ce, "Wa?"

Kwamfutar yake nufi. Ya ce mini a duk abin da ya faru ranar, wannan maganar ce har yau take hana shi haɗa ido da Inna idan ta faɗo masa.

Aka yi kiran farko. Maƙwabta suka bi ta ƙofar shagon da dardumominsu.

"Sabitu, masallaci."

"Ku yi gaba, ina nan tafe."

Layin ya watse. Masu shaguna suka ja ƙofofi. Babu mashin, babu mai talla. Rana ta tsaya a tsaka. Kun san yadda gari yake yin tsit ranar Juma'a idan liman ya hau mumbari. Baba shi kaɗai ne namiji a layin, yana sunkuye a kan allo.

Testar da ke aljihun rigarsa ta kama.

Ba ta taɓa komai ba. A aljihu take. Ya ga jan haskenta ta cikin yadin.

"Gafara dai."

Mace ce a bakin ƙofa. Doguwa, da baƙin zane, ta yafa wani tsohon gyale. Ta yi ɗamarar goyo, majanyi a ɗaure tam a ƙirjinta. Baba ya ce mata ba a buɗe ba tukuna, ta dawo bayan masallaci. Ta shigo.

Abu huɗu ya lura da su, ɗaya bayan ɗaya. Ƙafafunta a jiƙe suke da taɓo har idon sawu, alhali rabon garin da ruwa wata biyar. Duk inda ta ɗaga ƙafa, sawun yana hayaƙi. Da ta juya, ya ga goyon nan babu kowa a ciki, zanen ne kawai ya yi kumburin inda yaro yake zama.

Na huɗun shi ne muryar. Bakinta yana motsi a gabansa, amma maganar daga bayansa take fitowa, daga lasifikar wata tsohuwar rediyo da ke kan kanta. Rediyon ko batir babu.

Ta ce, "Na ce gafara kafin in shigo maka."

Ya ce, "Kin ce."

"Kai ka ce?"

Ya so ya yi a'uziyya, ya nemi farkonta ya rasa.

"Sau nawa ka danna?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga. Arba'in da ɗaya."

Ta nuna bayan shagon da haɓa.

"Ɗana yana barci ka kafa masa ƙarfe a cinya. Ka bi shi da ruwan zafi. Ka zuba gishiri don kada in iya kusantarsa. Tun jiya kake aika masa wuta."

Baba ya ce, "Wallahi ban sani ba."

"Na san ba ka sani ba. Shi ya sa na raba. Duk wadda ka aiko, rabi ga ɗana, rabi ga 'yarka."

Sai a lokacin ya gane kukan da yake ji ta bango. Ya dafa tebur.

"Me zan yi?"

"Cire. Mu ba ma taɓa shi. Da hannun da ka kafa."

Ya ɗauki filaya. Ta girgiza kai. Ya ajiye.

Zulai, sakar mini zane, ba inda zan je.

Ya zagaya baya, tana biye da shi, ba ya jin takunta. Gindin ƙarfen ya yi fari da gishiri. Gawayin da ya zuba jiya ya koma toka. Wannan karon ya yi bisimilla, ya ce gafara sau uku. Ya kama ƙarfen da hannun dama.

Wutar nan da ya yi ta aikawa ba ta tafi ko'ina ba. Tana ciki tana jira. Ya ce ya ji ta hau hannunsa har kafaɗa, yatsunsa suka ƙanƙame ƙarfen suka ƙi buɗewa. Ya ji ƙaurin naman jikinsa. Da ya so saki ma ba zai iya ba, kuma bai so ba, don yana jiyo numfashina ta katanga. Ya dafe ƙasa da ƙafa, ya ja. Ƙarfen da ya buga da guduma cikin minti goma, sai da liman ya kusa gama huɗuba kafin ya fito. Bakin ƙarfen ya fito da wani abu baƙi mai yauƙi.

Matar ta durƙusa. Ta zura hannu biyu cikin ramin da bai fi faɗin yatsa ba, har gwiwar hannu. Baba ya kau da kai. Da ya waiwayo tana tsaye, tana gyara majanyi. Goyon ya cika. Wata 'yar ƙafa tana reto a gefenta.

Ƙafar ba ta motsi.

Baba ya ce, "Barci yake?"

Ta ce, "Tun na talatin da tara."

Can nesa ana jin lasifikar masallaci.

Ta ce, "Yanzu saura taka."

Ya zube a gabanta, hannun na hayaƙi. Ya ce ta ɗauke shi, shi ya yi laifin. Ta ce ba ta da abin da za ta yi da shi, goyo ta rasa.

"Tun jiya nake tsaye a kanta. Na kira ta ba ta taso ba. Balaraba ba suna ba ne, rana ce. Yaya sunanta na yanka?"

To nan ne wurin da ni ma nake tunawa da kaina, ba sai an gaya mini ba. Ina kwance a gadon Inna. Akwai wata a tsaye saitin kaina, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Tana tambaya ta, "Wa sunanki?" Ina cewa Balaraba. Tana cewa, "Ba shi ba." Ta sake tambaya, in sake faɗa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Kun san ni 'yar fari ce. A ƙauyen su Inna aka haife ni, can wajen Ɗandume, inda ta je wankan gida, a can aka raɗa mini suna. Inna kunyar fari ba ta bar ta ta taɓa kiran sa ba, yarinyar nan take cewa. Baba ma haka. Da muka dawo gari kowa ya bi ranar da aka haife ni. Shekara huɗu a gidan nan, ba bakin da ya furta sunan ko sau ɗaya, balle na ƙarƙashin ƙasa su ji.

Baba ya gane haka. Ya datse haƙora.

Ta ce, "Faɗa."

Ya yi shiru.

"Zan mayar maka da hannunka."

Ya yi shiru.

Sai ga ihun Inna daga cikin gida. Na sandare, idona ya kakkafe.

"Malam! Malam! Yarinyar nan! Wayyo Allah, yarinyar nan!"

Matar ta juya kanta wajen katanga. Baba ya ce wuyan kaɗai ya juya, kafaɗun ba su bi ba. Ta kasa kunne. Ta san uwa idan ta ga 'yarta za ta tafi, kunya ƙarewa take yi. Baba ma ya sani. Ya ji Inna tana jijjiga ni, ya ji ta ja dogon numfashi, irin na wadda za ta kira suna da dukkan ƙarfinta.

Ya ƙwalla da muryar da bai san yana da ita ba.

"Kada ki kira ta! Don girman Allah kada ki kira ta! Yi salati!"

Inna ba ta san dalili ba. Har ta buɗe baki, harafin farko ya fito. Ta haɗiye sauran, ta kama salati tana kuka. Ta ce mini sai da ta ciji harshenta har jini.

Daga masallaci aka ji sallama. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Can ƙarshen layi wani ya tayar da mashin.

Matar ta daɗe tana kallon Baba. Babu fushi a fuskarta, kuma ya ce da ma fushin ne.

Ta ce, "Harafi ɗaya na samu. Ina da haƙuri."

Ta wuce shi ta koma cikin shagon. Ya bi ta da rarrafe. Ta tsaya a kan allon nan da ke kan kwali.

"Ka yi mini rabin aiki, ga rabin lada. Wuta kake nema. Mu da ita aka yi mu."

Ta hura masa iska sau ɗaya, kamar mai hura garwashi.

Fanka ta kama juyi. 'Yar fitila ta kawo. Filogin yana yashe a ƙasa, Baba yana kallon sa. Gilashin kwamfutar ya yi haske. Ba a taɓa sa wa kwamfutar nan komai a ciki ba, amma ga ɗan fili fari a tsakiya, ga harafi ɗaya a farkonsa, ga wani ɗan layi a gabansa yana ƙiftawa. Kun san sabuwar kwamfuta idan ta tashi abin da take fara tambaya.

Suna.

Da ya ɗago, ba kowa. Testar aljihunsa ta mutu. Sawun taɓo ya fita ta ƙofa, ya zagaya baya, ya ƙare a bakin ramin.

A cikin gida na yi atishawa. Gumi ya karyo mini. Kafin la'asar na nemi koko.

Hannun Baba kuwa, wata biyu aka yi ana zaryar asibiti. Ya warke a ƙanƙame, yadda ya riƙe ƙarfen. Mutumin da yake gane ciwon rediyo da jin ƙararta kawai, bai sake riƙe sukudireba ba. Da hagu yake auna muku gero a kasuwa yanzu.

Kwamfutar ta ƙi mutuwa. Ya zare duk wayar da ke jikinta, fankar na juyi. Malam Iliya ya ce a fasa ta da guduma, Baba ya ce ya gama bugun abin da bai san me ke ciki ba. Ya lulluɓe ta da buhu, ya sa aka toshe ƙofar shagon da bulo, taga ma haka. Muka tashi daga gidan. Ya tafi ƙauyen su Inna, ya bi tsofaffin da suka halarci sunana gida-gida yana roƙon su manta. Yanzu saura mutum biyu a duniya da suka san shi.

Ni ban sani ba. Ranar da zan cike takardar jarrabawa na tambayi Baba, ranar ce ya zaunar da ni ya ba ni labarin nan. Na rubuta Balaraba Sabitu. Da shi na gama makaranta, da shi za a ɗaura mini aure bayan Sallah. Wani lokacin nakan zauna in yi ta jero sunayen mata a zuciyata, in ji ko wani zai amsa. Da na ji gabana ya faɗi sai in tashi in kama wani aiki. Abin yana mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Mutum ya rayu bai taɓa jin uwarsa ta kira shi ba.

Bara na bi ta layin, da rakiya. Na kara kunne a bulon. Shekara goma sha tara ke nan. Tana juyi.

Don haka ku ji ni da kyau. Duk wanda aka aika Funtuwa a cikinku, kada ya bi ta bayan tsohon shagon nan shi kaɗai, balle ranar Juma'a da rana tsaka. Kada ku zubar da ruwan zafi ba ku sirka ba. Kada ku kafa komai a ƙasa ba ku ce gafara ba. Kuma idan wata mai goyo ta tsayar da ku ta ce ita 'yar'uwar Inna ce, ta manta sunan 'yarta ta fari, ku ce Balaraba, ku ƙara sauri.

Kai kuma Nafi'u, bar ta sai da safe, ka kai wa masu gyara su gwada maka a can. In ta kawo a wurinsu, to. In ta kawo ta nemi suna, ka sa naka.

Yanzu tashi ka duba mini filogin nan. Ka tabbata ka zare shi ɗazu?

To ƙarar fankar me nake ji?